Igiyoyin Saje Safiatu

Zongo, Kumasi

Zuwa ga Kawuna Alhaji Nasrullah, Fagge, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga uba, tare da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya Khadijat da dukan mutanen gida. Mun ji an yi maka aikin ido, Allah ya sa kaffara ne, ya mayar maka da ganinka garau. Mu nan alhamdu lillahi. Damina ta sauka da ƙarfi, kwatar bayan gida ta cika har ta shigo mana tsakar gida, amma ƙanena Mutala ya tara samarin layi sun yashe ta. Ƙanwata Fareeda ta sauka lafiya, an sami mace, an sa mata Basma. Shagon ɗinkina na Ash Town yana tafiya daidai gwargwado, in dai an bar mana wuta. Mma kuwa, ƙanwarka Safiatu, jikin da sauƙi, sai dai gwiwar nan da ba ta barin ta ta yi sujada sai a kan kujera.

Kawu, na zaɓi in rubuto maka ne in bai wa Alhaji Sumaila mai goro ya kawo maka hannu da hannu, domin duk sanda muka fara wannan magana a waya sai ka ce in yi haƙuri, kafin in kai ƙarshe ka yi sallama. Ka gafarce ni, yau ina so ka ji ta har ƙarshe. Ka ce mana Mma ta bar zancen gyaran takardunta na soja, wai shekaru sun ja, wai mace mai jikoki ba ta jayayya da hukuma. Na lura kuma abin da ka sani game da rage mata muƙami shi ne abin da ya iso maka Kano a bakin matafiya, cewa ta yi wa babbanta rashin kunya. Ita ba ta taɓa zama ta ba ka labarin ba saboda nauyinka da take ji. To ni zan ba ka.

Lokacin tana saje mai igiya uku, ita ce babbar ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin wani bariki can arewa. Wata rana da la'asar aka kawo matar wani soja, Ba'asantiya mai suna Maame Serwaa, naƙuda ta zo mata da gardama, jini yana zuba ba ƙaƙƙautawa. Mma ta duba ta ga abin ya fi ƙarfin wurinsu, sai babban asibitin gari. Ta aika a kawo motar marasa lafiya. Motar ta zo, aka buɗe baya, sai ga ta cike maƙil da doya. Manjon da ke riƙe da barikin ne ya sa aka loda, za a kai masa tasha a tura wa iyalinsa kudu. Mma ta aika a nemo shi, aka ce yana barci, ba a tashinsa. Sai ta hau motar da kanta ta riƙa wurgo doyar nan ƙasa, ta sa aka shimfiɗa matar, ta ce wa direba Munkaila ya ja. Ka san Munkaila, abokinka na makarantar allo, wanda kuka riƙa zuwa kallon ƙwallo tare. Suka isa da matar da sauran numfashi, likitoci suka ceto ta, suka ceto jaririyar.

Abin da Mma ta samu a kan wannan, Kawu, shi ne an tsayar da ita gaban fareti, an karanta mata laifin ƙin bin umarni da ɗaukar motar gwamnati ba izini, aka sa hannu aka ɓalle mata igiyoyinta a gaban yaran da ita ta koya wa ɗaure ciwo. Ta koma farabiti, ƙaramin soja marar igiya. Ba a ambaci doya ba ko sau ɗaya. Munkaila da aka tambaye shi, ya ce motar babu komai a cikinta. Tsoro ya ji, yana da mata biyu da ƙananan yara. A haka ta ƙarasa aikinta, tana sara wa waɗanda a da suke sara mata, ba ta taɓa kawo kuka gida ba. Ni kaina sai da na yi aure na haihu kafin na ji yadda aka yi.

Kuma da an bar ta, da ta tafi kabarinta da abin a ciki. Amma ranar sunan Basma, ana rabon waakye, shinkafa da waken nan namu, 'yar magana ta haɗa ta da Hajiya Azumi ta bayan masallaci a kan wurin zama, ba wani abu ba. Sai Hajiya Azumi ta ɗaga murya gaban surukan Fareeda ta ce ai kowa ya san dalilin da soja suka tuɓe ta, maganin asibiti take sata tana sayarwa. Kawu, tsakar gidan nan ta yi tsit. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne babu wanda ya yi mamaki. Ashe abin da Zongo take faɗi ke nan a bayan idonmu tun ina goye. Matar da ta karɓi haihuwar rabin yaran layin nan ba ta taɓa karɓar ko sabulu ba, ita ake kira ɓarauniya. Mma ta gama raba abinci, ta sallami baƙi, washegari ta ce in raka ta mu shigar da koke. Don haka mai gaya maka wai fansho take nema a ƙara mata, bai san ta ba.

Shawarar da ka bayar ta a je a ba Manjo haƙuri, mun bi ta, don kada ka ce mun raina maganarka. Ya yi ritaya, yana zaune a unguwar Kwadaso cikin wani gida mai dogon gini da karnuka. Liman Abdul-Manan da dattawa biyu suka sa manyan riguna suka raka mu. Aka bar mu a baranda, rana tana dukan limamin unguwa guda, sai da aka ga dama aka ce mu shigo. Mutumin nan ya fito da gajeren wando, ya dubi Mma ya ce fuskar kamar ya santa. Da Liman ya yi bayani cikin ladabi, sai ya yi dariya ya ce ai ya tuna, wannan ce mai zafin kan nan. Ya ce shi mai tsoron Allah ne, ya daɗe da yafe mata. Ya yafe mata, Kawu! Ya ƙara da cewa zai rubuta wa hukuma su dubi tsufanta su tausaya. Na yunƙura zan yi magana Liman ya harare ni. Mma ta dafa sandarta ta miƙe, ta tambaye shi da Turancinsu na bariki ko doyar ta isa gida lafiya. Fuskarsa ta canja, ya ce a raka mu ƙofa. A mota dattawan suna ta yi mata faɗa wai ta ɓata sulhu. Wane sulhu? Wanda aka zalunta ya je ya durƙusa, azzalumin ya yi masa gafara?

Allah da ikonsa, wata mai kawo mini ɗinki ta ji ina ba da labarin a shago, ta ce ai akwai wata tsohuwa mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia da take ba da irin wannan labari, har an gaji da ji. Na rufe shago na bi ta. Maame Serwaa ce. Shekara da shekaru muna gari ɗaya, trotro ɗaya, wato motar haya, ne tsakaninmu, ba wanda ya san da wani. Da na faɗi sunan Mma, matar nan ta saki yadin da take aunawa ta rungume ni tana kuka tana kiran sunan Allah da yarensu. Ba ta taɓa sanin an hukunta Mma ba, domin an yi wa mijinta canjin wuri tana kwance a asibiti. Ranar nan ta biyo ni har gida. Ta durƙusa gaban Mma ta kama ƙafafunta, Mma tana cewa ta tashi, ta tashi, mutane suna kallo. Jaririyar nan kuwa ta zama babbar mace, malamar makaranta ce, tana da 'ya'yanta. Sunanta Akosua Safia. Kirista ce, 'yar Kirista, amma sunan ƙanwarka take amsawa tun ranar da aka raɗa mata suna.

Da aka kira mu Akra gaban kwamitin da ke duba irin waɗannan koke, mu huɗu muka tafi. Sai da muka yi ta sintiri kafin nan, yau a ce mai sa hannu ya tafi jana'iza, gobe a ce mu dawo bayan hutu, Mma tana hawa bene da wannan gwiwa. Ranar zaman, Maame Serwaa ta yi bayani tiryan-tiryan, har ta ce ƙasar doya ce ta manne mata a baya sanda aka kwantar da ita. Safia ta tashi ta faɗi sunanta da dalilin sunan. Na ga ɗaya daga cikin manyan ya sunkuyar da kai. Na ce a raina shi ke nan, an gama. Sai bayan sun yi shawara shugabar zaman, wata kanar mai furfura, ta ce sun ji, kuma abin ya taɓa su, amma mace mai naƙuda da jini ya kusa ƙare mata ba za a kafa hujja da abin da ta gani ba, jaririya kuwa ba ta ga komai ba. Shaidar direba tana nan ba a janye ba. Abin da za su iya shi ne su mayar wa Mma muƙamin saje bisa tausayi da la'akari da shekarunta, laifin kuma ya zauna yadda yake a rubuce. Ashe Manjo ya cika alkawari, ya rubuto.

Wato a ba ta igiyoyinta kamar sadaka, a bar ta da sunan mai laifi. Wani lauya da ke taimaka mana a can yana ta raɗa mata ta karɓa, wai ba a samun fiye da haka. Mma ta miƙe ba tare da sanda ba, ta ƙame kamar tana fareti, ta ce ta gode, amma ita ba bara ta zo ba. Ta ce igiyoyin nan da guminta ta same su, da ƙarya aka cire su, kuma da gaskiya kaɗai za a mayar. In ba haka ba su riƙe abinsu, farabiti ma mutum ne. Daga nan kanar ɗin ta ce ba za ta rufe maganar ba, za ta sake zama bayan Babbar Sallah, in direba ya zo da bakinsa ya gyara shaidarsa, za a soke hukuncin gaba ɗaya.

To ga inda muke. Munkaila yana nan da ransa, yana da shagon tayoyi a Magazin, unguwar makanikai. Na je, Mutala ya je, Liman ya je. Duk wanda ya je sai Munkaila ya ce masa wai shi ya tsufa, ba ya tuna abin da ya ci jiya. Amma an gaya mini ɗansa yana aiki a kamfanin surukin Manjo, ka ga inda mantuwar ta fito. Ban ce ba shi da abin tsoro ba. Sai dai ya yi Hajji, yana sahun gaba kullum, gemunsa fari fat, kuma ya san da bakinsa aka tuɓe mace a gaban jama'a.

Ita Mma ba ta aika kowa ba kuma. Kullum in ta yi walaha sai ta ɗauki sandarta ta hau trotro zuwa Magazin. Akwai wani benci a ƙofar shagonsa, nan take zama cikin ƙarar guduma da warin baƙin mai. Ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta ja carbinta. Ba ta ce masa komai game da maganar. In an kira azahar ta yi masa sallama ta dawo. Na yi faɗa, na yi kuka, ta ce in kula da ɗinkina. Makanikan wurin duk sun san dalilin zuwanta, har sun fara kiranta Saje. Da fari Munkaila ɓuya yake yi a bayan tayoyi. Daga baya ya fara aiko mata da koko da ƙosai. Shekaranjiya da na je ɗauko ta, na tarar ya sa an kafa mata rumfar kwano a kan bencin don kada rana ta dame ta. Na tsaya ina kallon rumfar nan, ban san ko in yi dariya ko in rushe ta ba. Ya iya sayen kwano da katako, ya kira kafinta, amma kalma ɗaya ta gagare shi.

Kawu, kai kaɗai ne Munkaila yake jin kunya a duniyar nan. Na sa lambarsa a ƙasan takardar. Ba na so ka roƙe shi, kuma don Allah kada ka ba shi haƙuri, mun gaji da ba da haƙuri. Ka tambaye shi kawai, tsakaninsa da Allah, me ya gani a bayan motar da ya tuƙa ranar. Ƙanwarka ce take zaune a ƙofar shagonsa da ciwon gwiwa, kuma na san ta, ba za ta daina zuwa ba.

Ka gaishe mini da Hajiya Khadijat, da Yaya Fadil da amaryarsa, da Hikima, a ce mata ɗinkinta yana nan na kusa gamawa. Mutala da Fareeda suna gaisuwa. Liman Abdul-Manan ya ce a isar maka da sallamarsa. Mma ba ta san na rubuto ba, amma na san da ta sani da ta ce a gaida Yaya. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sada mu da alheri.

'Yarka mai jiran amsarka,
Basiratu