Ƙaryar da Na Yi Maka a Kan Greta

Zuwa ga Baba Otto,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma, Hausarka ba ta wuce sannu ba. Amma da Turanci na yi maka ƙarya, gaskiyar kuma ta ƙi fitowa sai da harshen uwata.

Mun binne ka ranar Talata, mu huɗu: ni, mijina Bitrus, fasto, da Alhaji Mamman, mutumin Nijar ɗin nan mai shago a ƙasan benenku. Mai gidan har ya sa an yi wa ɗakinka fenti. Kujerarka aka fitar bakin titi, ruwan sama ya dake ta kwana biyu kafin motar shara ta zo.

Shekara huɗu ina zuwa unguwarku ta Mount Hope ina yi maka wanka, ina ba ka magani. Sai a ta uku ka buɗe mini akwatin da ke ƙarƙashin gado, ka nuna mini lambobin yabon da ka zana wa gwamnatin Jamus ta Gabas. Ka ce ƙuruciyarka duka a kansu ta ƙare, har aka ba ka gida da mota. Ka ɗauko guda mai hoton soja riƙe da bindiga, irin wadda ake maƙala wa masu gadin iyaka idan sun hana wani tserewa. Ka ce mijin 'yarka Greta ya yi ƙoƙarin ƙetarewa, aka harbe shi a cikin kogi, ita kuma tana da ciki wata shida. Washegari ka koma bakin aikinka. Ka ce ba ka san ko an ba wanda ya harbe shi lambar ba. Baba, ba ka sani ba, ko dai ba ka tambaya ba?

A ranar nan, da ruwan sanyi na yi maka wanka, da gangan. Sojoji ne suka kashe yayana a wani shingen hanya can gida, ban taɓa gaya maka ba. Kana ta rawar ɗari har na gama.

Sai maganar wasiƙa, wadda ka kwashe wata guda kana rubuta wa Greta. Ni na kai ta gidan waya. Bayan sati biyar ta dawo a rufe, na cusa ta a jakata. Da ka dame ni da tambaya, na ce ai Greta ta bugo waya kana barci, ta ce ta karanta, za ta rubuto. Tun daga ranar kullum sai ka sa na aske maka gemu, ka zauna bakin taga kana jiran mai kawo wasiƙu. Wata bakwai kana haka. Tausayinka na ji, ko hukunta ka nake yi? Har yau na kasa rabewa.

Na sanar da Greta rasuwarka. Ɗanta ne ya amsa, layi biyu kacal, ya ce kada in aiko musu da komai. Akwatin yana ɗakina. Bitrus ya ce mu zubar, na kasa, buɗewar ma na kasa.

Ko Allah ya gafarta maka, wannan tsakaninku ne. Ni dai ga abin da ke wuyana: Greta ba ta bugo ba, Baba. Ko sau ɗaya.

Ka huta.

Mai jinyarka,
Rifkatu