Na Sauya Masa Suna, Amma Kowa Zai Gane Shi

Assalamu alaikum Anti Hidaya. Don Allah ki taimake ni, kwana goma ke nan abinci ba ya shiga cikina.

Ni 'yar makiyaya ce daga wajen Sule Tankarkar, ina kammala digiri na biyu a nazarin zamantakewa, ɓangaren laifuka. Ba ni da burin da ya wuce in koyar a jami'a. Bincikena a kan satar shanu ne. Bappa, ƙanen mahaifina, shi ya kai ni wurin wani dattijo mai shiga tsakani idan an kore dabbobi. Dattijon ya san inda zai je ya yi magana a dawo wa mai shanu da abinsa. Bai taɓa buɗe wa kowa cikinsa ba. Ni ma ya yarda ne don Bappa ya bugi ƙirji ya ce ba zan ci amana ba, da Fulatanci muka yi hirar.

Na sa masa sunan ƙarya, Ɗantsoho, kamar yadda aka koya mana, ina ganin na gama dabara. Ashe wauta na tafka. Na rubuta kamanninsa, da kasuwar da yake ci, har rumfar da yake zama. A wajenmu kowa zai nuna shi da yatsa.

Malamin da ke duba aikina ya ce babin da na rubuta a kan dattijon ne ran binciken, a tura shi mujalla kafin ƙarshen wata, don za a ɗauki sababbin malamai kuma sai wanda aka buga aikinsa. Na ce zan rage bayanan, ya ce to ya zama hirar teburin mai shayi. Anti, idan ɓarayin suka ji ya yi magana ba za su bar shi ba, hukuma kuma za ta ce da shi ake satar. Idan na janye, yaushe zan sake samun dama? Wallahi tsoro nake ji, ko ido na kasa haɗawa da Bappa.

'Yarki mai fargaba, daga Gumel.

Wa'alaikumus salam 'yata. Burinki mai kyau ne, malaminki kuma ba mugu ba ne, bai san yadda ake sanin juna a ruga ba ne kawai. Amma gurbin aiki yana sake fitowa, ran dattijon nan guda ɗaya ne.

Kada ki miƙa babin yadda yake. Cire kasuwar da rumfar da kamannin, ki bar yadda sulhun ke gudana, don nan ilimin yake. Ki kai maganar a rubuce gaban kwamitin da ke kula da ƙa'idojin bincike, kada ta tsaya tsakaninki da malaminki kaɗai. Sannan ku koma da Bappa ki karanta wa dattijon abin da ya rage da harshen da ya yi miki magana. Idan ya ce bai yarda ba, shi ke nan, ko da aikin zai wuce ki bana.

Ki kuma riƙa lura da alƙalaminki. A wasiƙar nan ma sai da na goge sunan kasuwar da wata alama ta jikinsa kafin ta shiga jarida. Allah ya ba ki aikin, shi kuma ya tsare shi.