Na Gano Abin da Ke Cije Kwamfutarka, Yaya Mansur

Zuwa ga yayana Mansur,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba, amma ban da kai ban ga wanda zan yi wa wannan zance ya saurare ni har ƙarshe ba.

Kwamfutarka ta tebur, wadda ka harhaɗa da hannunka a ɗakinmu na haya a Birnin Kudu, tana nan inda ka bar ta. Bayan addu'ar arba'in Inna ta ce in riƙe ta, tunda a gida Zandam ba wanda ya iya ko kunna ta. Wata uku tana lulluɓe da zanen gado, ban iya taɓa ta ba.

Ranar da na yaye zanen, wasan ƙwallonmu na kunna. Kwana biyu lafiya lau, a na uku ya soma cijewa. Ɗan wasa yana cikin gudu sai ya tsaya cak, ya zabura, ka gan shi can gaba, ƙwallo ta riga ta wuce. Yaya, na zaci na lalata abin da ka fi so.

Ka san ni malamin Hausa ne, alli da allo na sani. Amma na tuna abin da kake faɗa wa masu kawo maka gyara: "Kar ka taɓa abu biyu lokaci guda, in ta gyaru ba za ka san wanne ne ba." Haka na bi.

Na fara da zargin ko zafi take ɗauka. Na kwance murfin gefe, na share fankokin da ɗan buroshinka mai jan hannu, na goge busasshen man da ke kan furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, na shafa sabo, ɗan ɗigo kamar ƙwayar dawa, yadda na ga kana yi. Ƙarar fankokin ta ragu, cijewar tana nan. Na sabunta manhajar katin da ke sarrafa hoto, datata ta ƙare a kai. Na rage kyawun hoton har 'yan wasan suka koma kamar zanen ɗaliban aji ɗaya. Na cire ram, katin da ke riƙe aikin da take kan yi, na mayar. Na zargi inbatar da ke ba mu wutar batir, na jira aka kawo wuta na gwada. Duk a banza.

Na kai ta wurin wani mai gyara a kasuwa. Ko kunna ta bai yi ba ya ce a goge komai a zuba sabo. Na ɗauko abata na hau acaɓa, na rungume ta har gida.

Wata Asabar da hantsi na buɗe wurin da ke nuna abubuwan da ke aiki a ɓoye. Sai na ga wata manhaja tana tashi duk lokacin da wasa ya fara, ma'ajiyar kwamfutar kuwa ta cika maƙil. Ashe ka saita ta tana ɗaukar wasanmu, hoto da murya, ba ka taɓa gaya mini ba. Kai ne ke kwashewa in ta kusa cika. Da ba ka nan, ba wanda ya kwashe.

Na danna ɗaya daga cikin waɗanda ta ɗauka. Sai ga muryarka ta cika ɗakin kana cewa, "Sadiku, ko a makaranta haka kake cin zalin yara?" Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Ban san sanda na zauna a ƙasa ba.

Na kwashe su duka a wata ma'ajiyar, na zuba kaɗan a wayata, ranar Juma'a na shiga motar Gwaram zuwa gida Zandam. Inna tana tsince wake a tsakar gida na kunna mata. Ta ajiye faifan, ta saurara har ya ƙare, ta ce, "Ashe haka yake dariya in ba na wurin." Sau huɗu ta sa na maimaita.

Akwai waɗanda ban kai mata ba, na ƙarshe-ƙarshen, waɗanda manhajar ta ɗauka ina wasa ni kaɗai. Na saurari ɗaya, minti arba'in. Ba komai a ciki sai ƙarar fanka da ƙas-ƙas ɗin maɓalli. Ko da na ci ƙwallo ban ce uffan ba. Na goge su, na kashe manhajar.

Yanzu wasan yana tafiya sumul, Yaya. Ni na gyara, da hannuna. Na juya in gaya maka, sai na tuna ba ka nan.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Allah Ya ba Inna haƙuri, ni ma Ya ba ni, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

Ƙaninka mai kewarka,
Sadiku