Na Nuna Wa Likita Gwiwa

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Rabi,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya aikin jinya, yaya Alhaji da yara, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan mun girbe gero lafiya.

Ciwon nan nawa na laka, wanda likitoci ke kira em-es, ya sake salo. Kwatangwalona na hagu ya sage, matsematsina kuma yana zogi har zaman tahiya ya gagare ni. Na je asibiti a Kano ni kaɗai, sai na tarar likitan tsohon ɗalibina ne na aji uku. Da ya ce, "Malama, ina ke ciwo?" sai na nuna masa gwiwa.

Ya duba ta, ya sunkuyar da kai, ya ce idan ciwon a sama yake, ko lakar ce, ko ɗaurewar tsoka, ko karkacewar tafiyata da sanda, ko ciwon mafitsara, kuma kowanne da maganinsa. Na karɓo man shafawa na lafiyayyar gwiwa.

Rabi, ni da na koyar da sassan jiki a allo! Ga lambarsa a baya, ki kira shi ki faɗa masa wurin. Bakina ba zai iya ba.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida mutanen gida.

Yayarki,
Hajiya Asabe