Ban Karɓi Sallamarka Ba, Ladan

Zuwa ga sanyin idaniyata, inuwar ɗorawata a tsakiyar bazara, ruwan farko mai tayar da ƙamshin ƙasa, Ladan nawa. Amincin Allah ya tabbata a gare ka, tare da gaisuwar wadda kewarka ta hana sakat.

Ƙanwarka Huseina ta iso Randagi da saƙonka, tana faɗa tana sunkuyar da kai. Wai in nemi wani mijin, wai gangar jiki kawai 'yan bindiga suka sako, Ladan ɗin da aka sa mana rana da shi ya ƙare a daji. To ga amsata: ban karɓa ba! Wa ya ba ka izinin yanke wa zuciyata hukunci? Duk watannin da ka yi a hannunsu ina zuba ido a hanya har idona ya ƙafe, yanzu da Allah ya maido mini da kai za ka ce in juya?

Na tsare Huseina sai da ta gaya mini abin da likita ya ce. Ya ce jikin mutum ƙwayoyin halitta ne ƙanana da ido ba ya gani, a cikinsu ne abinci yake komawa ƙarfi. An ɗaure ka wuri ɗaya, gayan shinkafa ba mai ba wake, ruwan kududdufi, barci rabi da rabi. Ina ƙwayoyin nan za su samo abin aiki? Shi ya sa jininka ya yi ƙasa, shi ya sa gwiwarka take rawa tsakanin ɗaki da masallaci. Yunwa ce ta kwantar da su, ba mutuwa ba. Gonar da fari ya taɓa ai ba a yafe ta, ruwa ake nema mata.

Amma me nake ji? Wai ka kulle kanka a gidan yayanka a Birnin Gwari, kana ture kwano, sai lemon gwangwani mai sa kuzari da magungunan 'yan talla, don dai ka iya miƙewa idan 'yan dubiya sun shigo. Haba farin watana! Wannan wutar kara ce, ta tashi fuu ta bar ka da toka.

Ka tuna kakar da ka zo gonar Babana, ka cilla buhun masara kan babur kamar ƙunshin auduga, sannan ka zauna gindin kaɗanya kana ɓare mini ɗanyar gyaɗa, kana cewa matarka ba za ta san yunwa ba? Wallahi ba ɗaukar buhun ce ta sace ni ba, ɓarar gyaɗar ce. Hannun nan ya rame, amma shi ne dai, kuma shi nake so.

Mata a bakin rijiya suna cewa wanda daji ya tauna ba ya moruwa. Su faɗa, bakinsu ne! Ranar kasuwa ina tafe tare da Innata, da faten wake da alayyafo, da kwaɗon zogale mai ƙuli, da hanta, da kindirmo daga rugar su ƙawata Muslimat. A gabana za ka ci. Za ka fito hantsi ka taka ƙasa, yau ƙofar gida, gobe bakin titi. Ka sha maganin likita, ka ba idonka haƙƙinsa na barci. Ban ce gobe za ka ɗauki fartanya ba, ya tauraron asubahina. A hankali dawa take yin kai, kuma ni mai jira ce.

Baba ya kira ni ya tambaya ko a ɗaga ranar ɗaurin auren har ka iya tsayuwa da ƙafarka. Na durƙusa na ce masa kada a ɗaga. Ai a zaune ake ɗaura aure.

Taka a ƙoshi da yunwa, a ƙarfi da rauni, har ranar da numfashina zai tsaya,

Saliha