Akori-kurar da Ke Harbi

Badariya, Birnin Kebbi

Zuwa ga ƙanena Ja'afar,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wagga takarda ta same ka lafiya, kai da Ummu Hani da yara da duk mutanenmu da ke nan Agege. Allah shi ƙara maku lafiya, shi tsare ku a garin mutane. Mu nan alhamdu lillahi. Inna ta samu sauƙin ƙafa, har tana fitowa tsakar gida da sandarta tana yi ma kowa faɗa, ka san in ta fara faɗa to ta warke. Nuriyya matar ɗanka Munzali, yaron wajena, cikinta ya tsufa, muna roƙon Allah shi sauke ta lafiya. Zafi kam ba a magana, kuma hadari ya fara leƙowa ta gabas da la'asar, ya taru ya watse.

Za ka yi mamakin takarda alhali ga waya. Maganar ba ta waya ba ce, don in ana ɓoye abu a gidan nan kunnen Inna ya fi na kowa. Shi ya sa na ba Malami, direban da ke kawo maku albasa, ya miƙa maka hannu da hannu, tare da ɗan ƙunshin da zan yi maka bayaninsa.

Maganar akori-kurata ce. Ka san da turin amalanke na fara a kasuwa, da gumina na saye ta, ba wanda ya ba ni ko taya. Ita ta gina gidan da muke ciki, ita ta yi ma Munzali aure, kuma tun ranar da ta shigo hannuna ba baƙon da ya taɓa buɗe mata bonet. To bana ta tsiri wani hali. In tana gudu aka ɗaga ƙafa daga totur, sai ta buga ƙara ta salansa, tau! kamar an saki bindiga. Da farko abin dariya ya zama. Isuwa mai gyaran wutar mota a Gwadangaji in ya hango ni sai ya ƙame ya sara mani, wai ga kwamanda ya iso, wai in kai tsohuwar a ɗauke ta aikin tsaro tunda ta iya harbi. Na ce mashi tsohuwar ta binne motocin zamani da yawa, kuma tana nan.

Ranar Asabar dariya ta ƙare. Munzali ya tafi da ita fadamar surukinsa Malam Hodi, can bayan Gulma, ɗauko albasa. Akwai wani ƙauye kan hanya, da gangara kafin a shiga, ranar kuma kasuwarsu na ci. Yana sassautawa ta buga sau biyu. Ka san halin da mutanen yankin ke ciki, kwana ba barci, kowa kunnensa na daji. Kasuwa ta watse, mata sunka zubar da tallansu sunka ja ɗiya. Kafin ya tsaya, wani daga cikin 'yan sa-kai da ke gadi ya sakar mashi wuta. Harsashin ya huda ƙofar gefen da ba kowa, ya tsaya cikin kujera. Munzali ya fito hannu sama yana kiran sunan surukinsa, da haka anka gane shi. Babbansu ya ba shi haƙuri rabi, rabi kuma ya ja mashi kunne, ya ce masu zuwa kashe su ba sallama suke yi ba, don haka su ma sun daina tambaya, in motar ta sake harbi a garinsu kada a zo masu da kuka. Ja'afar, na sa yatsana cikin hujin nan. Na liƙe shi da sitika don kada Nuriyya ta gani.

Tun ranar nake kanta. Na sauke kafireta mai haɗa mai da iska na wanke da fetur, na hure duk ƙananan hanyoyin mai, na sake gasket don kada ta riƙa shan iskar sata, na daidaita sukurun iska har ta riƙa numfashi a tsaye kamar jariri na barci. Na fita gwaji hanyar Argungu, tana yin zafi ta buga. Na sa fulogai sababbi, ta buga. Sai na koma ga taimin, wato lokacin da wuta ke sauka kan mai. Na kwance distiribita mai raba wuta ga fulogai, ina juya ta da kunne kamar yadda na saba. In na tura wutar gaba, inji ya riƙa ƙwanƙwasa a hawa, wurin tashi kuma ya yi tutsu. In na mayar da ita baya, ƙarfi ya mutu, ruwa ya tafasa, harbin ya dawo. Tsakiyar da na sani shekara da shekaru ta ɓace. Da na cire murfin na kama sandar da ke juyawa a ciki, sai na ji tana girgiɗi kamar haƙorin tsoho. Ciwon ke nan. Ko ina ka tsayar da wuta, tana gudu za ta kauce, ta sauka lokacin da ta ga dama. Isuwa ya taɓa ya ce haka ne, wannan ba ta gyaruwa sai sauyi.

Na zagaye Birnin Kebbi, na aika Sakkwato, babu irin distiribitar, kowa kayan motocin kwamfuta yake sayarwa. Ƙunshin da ke hannun Malami tsohon murfinta ne da na taɓa sauyawa na ajiye, na rubuta lambar da ke jikinta a kwalin. Ka shiga kasuwar kayan mota ka nemo mani gaba ɗayanta. Ka girgiza sandar da hannunka kafin ka karɓa, kada su yi maka daɗin baki. Ka ba Malami ya juyo da ita.

Sai dai ba za ta iso kafin Alhamis ba, ni kuwa na yi ma Malam Hodi alkawarin Alhamis. Sauran albasarsa na zube a fili, ruwan farko na sauka ta tashi daga aiki, noman shekara ke nan. Direbobi sun ƙi hanyar, wanda na tuntuɓa duk ya ce yana da iyali. Ni ban taɓa cewa zan zo in ƙi zuwa ba, ba kuma a kan suruki zan fara ba. Na aika ƙauyen cewa motar za ta biyo da farin ƙyalle ɗaure a madubi. Amma masu gadin sauyawa suke yi, ban san ko saƙon zai kai ga wanda ke riƙe da bindiga ranar ba. Zan kashe inji tun daga saman gangara in sulalo, sai dai dawowa da kaya hawa ne, dole ta yi aiki.

Na karɓe makulli daga hannun Munzali. Na ce mashi tuƙinsa ne bai iya ba, shi ya lalata mani mota. Ya yi fushi, ko gaisuwar kirki ba ya yi mani. Bar shi ya yi, mai fushi ba ya nacin rakiya. Kai ma kada ka gyara mashi zancen.

Ka gaishe da Ummu Hani, da Aminullahi da ƙannensa, ka ce ya riƙe karatu. Ka gaida mutuminmu Tamba in kun haɗu masallaci. Rukayya matata na gaishe ku, ita ma ba ta san komi ba. Ku sa mu cikin addu'a ranar Alhamis da hantsi.

In kayan sun iso, ka ce ma Malami ya damƙa su hannun Munzali. Na karta alama da ƙusa a jikin inji, daidai inda zai tsayar da sabuwar distiribitar, yadda ko ba ni kusa zai iya ɗaurawa.

Wassalam. Ni ne yayanka,
Riskuwa Mai Akori-kura