Zaren Inno da Man Hafiza

Zuwa ga Yayata Sadiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya ke da Yaya Shamsuddeen, Allah ya sa ruwan Fatakwal ya yi muku sauƙi. Mu nan Gwandu lafiya lau, Inna na ta shirin bikin 'yar'uwarmu Jidda, sai Inno kakarmu da rawar hannunta ta ƙaru. Yaya, zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: ina son kitson zare. Duk ƙunƙunin nan da nake yi in Inno ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta, na ƙarya ne, don kada a ce mini 'yar ƙauye. A littattafan da nake karantawa, duk budurwar da ɗankwalinta ya zame, gashi ne ke zubowa har gadon baya. Ni ma in an warware mini zare nakan rufe ɗaki in sa ɗankwalina ya zame gaban madubi. Yanzu gashina ya taɓa kafaɗa, ba wuta ba mai, sai man kaɗe da hannun Inno.

Na ji kin gaya wa Inna a waya cewa duk 'yan matan gida a bi Hafiza ta Kawu Garba zuwa Kalgo, a shafa mana man kwantar da gashi saboda biki. Na san ba ki ga Hafiza ba tun da ta shiga jami'a, shi ya sa. Ko zangon farko ba ta gama ba, amma fura ta fara yi mata tsami, kuma wai ƙurar Gwandu na ɓata mata fata, ita da aka haifa bayan rumbu a Dalijan. Ranar Juma'a ta tarar Inno na naɗa mini zare, ta tsaya tana taɓe baki, ta ce kaina ya zama na bunsuru, da waɗannan ƙahonni ko hijabi ba zai rufa mini asiri ba. Kin san ni. Kallon goshinta kawai na yi. Yaya, man ya cinye gashin gaban tas, goshin ya kusa tsakar ka, abin da ya rage kuma ja ne kamar gemun masara. Gashin doki take lulluɓe shi da shi, tana soshe-soshe da tsinken ashana. Wai wannan ce za ta koya mini ado. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Ba gorinta ya dame ni ba. Bayan ta fita, Inno ta ciji zaren ta tsinke, ta ce gashin da ya sha mai ba ya ɗaukar zare, karyewa yake yi. Sannan ta ce, “In za ki je Kalgo, ki gaya mini in ba da sauran zaren nan, dama hannun ya gaji.” Kitson da take gamawa kafin azahar yanzu sai la'asar, tana hutawa tana murza yatsu. Ban san saura nawa za ta iya yi mini ba, kuma ba zan sayar da ko ɗaya don hoton biki tare da Hafiza ba.

Don Allah ki kira Inna ki ce a bar kaina. Maganarki take ji, ni kuwa ba zan iya buɗe baki gabanta ba. A waya ma ba zan iya gaya miki ba, duk gida ke saurare. Ki gaida Yaya Shamsuddeen, ki shafa mini kan ɗanki Muzzammil. Na so in ɓoye takardar nan cikin littafi, amma Malam Bawa direba zai taso Fatakwal gobe, ranar Kalgo kuma na matsowa. Zan sa hijabi, da ƙahonnina a ciki, in miƙa masa da hannuna.

Ƙanwarki mai kewarki,
Mubaraka